Yadda Tafasa Ta Shiga Raina

Jiya a kasuwar Batsari na wuce masu tsire, na tsaya gaban mai kwaɗon tafasa. Yayata Hajara, da ta zo daga Katsina, ta riƙe baki.

"Kai da ko warinta ba ka so muna yara?"

Na ce, "Yaya, shekarar da noma ya gagara a ƙauyen Yasore, inda nake koyarwa, ita muka ci har damina ta fita. Ranar farko da ƙyar na haɗiye. Amma duk sanda na ci, sai jiri ya sake ni, in iya tsayawa gaban ɗalibaina. Kafin kaka, ƙamshinta nake ji."

Ta karɓa ta ɗanɗana, sannan ta ce a ƙaro mata.

Ni dai na tabbata ciki ne ke koya wa harshe daɗi. Ku fa, wane abinci wahala ta koya muku so?