Jan Babur ɗin Tela

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadin babura a ƙofar asibiti, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai ya ce Baba Mai Lamba. Da can haya yake yi da babur, sai mota ta buge shi, ƙafar hagu ta ƙi komawa daidai. Da ya warke sai ya nemi izini ya kafa rumfar kwano a jikin katanga, ya ja doguwar sarƙa daga wannan turke zuwa wancan.

Tsohon bokitin roba ya yayyanka, ya rubuta lambobi bibbiyu da fenti. Ɗaya ya rataya a jikin babur, ɗaya ya ba mai shi, sannan ya zura sarƙa ta cikin tayar gaba. In ba lamba, ba babur, ko da makulli ne a hannunka. Matarsa takan tsokane shi cewa ranar da ta kai masa abinci ba lamba, ita ma a sarƙar za ta wuni.

Wata safiya wani tela ya zo da jan babur, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya ce ƙirjinsa ne ke ɗan damunsa, yanzu zai fito. Har lokacin tashi bai fito ba. Baba ya tura babur ɗin ɗakin masu gadi, ya cire fulogi, ya sa kwaɗo. Sai a rana ta uku wata nas ta gaya masa telan ya rasu tun ranar.

Bayan kwana biyu wani mutum ya zo da makullin, ya ce shi ne wan mamacin. Baba ya yi masa gaisuwa, sannan ya nemi lamba. Mutumin ya ce wace irin lamba ake nema a wajen wanda ya binne ƙaninsa.

“Allah ya ji ƙansa,” in ji Baba. “Amma da hannunsa ya ba ni, ni ma da hannuna na ba shi abu. A kawo mini, ko a zo mini da iyalinsa.”

Mutane suka taru, yawancinsu suka ba Baba rashin gaskiya, wata ma ta ce tsohon ba shi da tausayi. Ranar ko abinci bai iya ci ba. Ya ce wa matarsa yana tsoron ko ya ƙara wa mai makoki ciwo ne a banza. Ta ce ya bari dai a gani.

Wata biyu babur ɗin yana nan. Yakan goge shi, ya duba iskar taya, ya rufe shi da buhu.

Sai ga wata mata da goyo, ta miƙo masa lambar. Matar telan ce. A aljihun rigar da asibiti suka mayar mata ta same ta, ba ta san ta mene ne ba sai da maƙwabciya ta gane. Wan mijinta ya ce mata an sace babur ɗin a ƙofar asibiti, ta kuwa yarda.

“Ba a sace ba, 'yata,” ya ce, ya buɗe kwaɗon, ya janye buhun.

Ta daɗe tsaye da hannu a kan sirdin. Da ta share ido sai ta ce in ta kai shi gida yanzu ba zai kwana biyu ba wan mijin zai ɗauke shi, ta roƙe shi ya ci gaba da riƙewa har mahaifinta ya zo. Ya mayar da kwaɗon.

Ranar Asabar mahaifin ya zo, Baba ya mayar da fulogi, bugu uku babur ya tashi. Yadda suka ƙare da wan mijin, bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Ya ƙara shekara biyu a rumfar, sai idonsa ya fara gazawa, ya bar wa surukinsa aikin.