Na Auna Masa Tafki a Watan Shawwal

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan wata na Shawwal, da rasuwar yayana Habu. A Makka aka haife shi, garin da ko rafi babu, amma a ruwa ya mutu, a wani tafki can arewacin Nijeriya. Duk wanda ya ji labarin, bayan ya gama ta'aziyya abu ɗaya yake ƙarawa: garaje ne. Wai mutum ya haura hamsin, da iyali, ya je yana tsere da jirgi kamar sabon saurayi. Shekara bakwai ina jin wannan magana ina sunkuyar da kai. Na gaji da shirun.

Mu biyu mahaifinmu ya bari a unguwar Misfala a Makka, a wani gida da yanzu otal ya hau kansa. Ni na bi layin kasuwa, ina da shagon turare da huluna a Utaibiyya. Shi kuwa Yaya Habu tun yana ɗan shekara sha biyar ya bi wani bakanike zuwa Jidda, ya ga teku, daga nan muka rasa shi. A bakin ruwan Abhur ya yi shekara talatin yana gyaran injunan ƙananan jiragen nan masu gudu da masu hali suke shaƙatawa da su, waɗanda a nan ake kira tarradi. Idan ya zo gida ranar Juma'a, hannunsa ƙamshin fetur, hirarsa farfela. Mukan tsokane shi cewa ko a Arfa ya tsaya, ruwa yake roƙo.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, bai taɓa mallakar jirgi ba. Yakan gyara, ya fita gwaji na minti goma, ya miƙa wa mai shi makulli. Kuma iƙamarsa, wato takardar zama, a hannun wani dattijo take wanda tsufa ya kama. Ya san wata rana zama zai ƙare. Sai ya ƙudurta cewa in dai zai koma ƙasar iyayenmu, wadda bai taɓa takawa ba, to bakin tafki zai zauna, ya haɗa jirginsa da hannunsa, ya buɗe totur har ƙarshe ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ban taɓa ganin wanda ya zaɓi wurin zama da wahala irin tasa ba. Wasu makaranta suke tambaya, wasu kasuwa. Shi duk lokacin aikin Hajji sai ya bi masaukan alhazai a Misfala da littafinsa, yana neman 'yan bakin ruwa. Ya zaunar da mutumin Yawuri, ya saya masa shayi, ya tambaye shi Kainji. Ya kamo Bakano ya tambaye shi Tiga, ya tare Basakkwace a kan Goronyo. Miƙen ruwan ya kai tsawon nawa ba kwana? Masunta suna shimfiɗa raga a tsakiya? Akwai gangaren da mota za ta ja jirgi har baki? Fetur fa, a kusa ko sai an yi tafiya? Alhazai suna ɗauka taɓin hankali ne. Wani ya ce masa shi dai ya san ana samun kifi.

A ƙarshe zuciyarsa ta kwanta da wani tafki na madatsar ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ruwan bai yi laifin komai ba. Abu ɗaya ya rage masa, zurfi. Tafkin madatsa daji ne da ruwa ya cinye, itatuwa suna nan tsaye a ƙasa, kuma jirgin da yake gudu irin nasa in ya taɓa kututture ba a ɗaukar komai. Ni nakan je Kano saro huluna, don haka ni ya aika. Ya ba ni igiya mai dalma a baki, ya ƙulla ta gaba-gaba, kowace gaba tsawon hannu biyu a buɗe, ya zana mini miƙen da yake so a takarda.

Na je bayan Ƙaramar Salla, a Shawwal. Ruwa ya cika har yana lasar gonaki. Na yi hayar kwalekwalen wani tsohon masunci, muka wuni ina jefa igiya ina rubutawa. Inda ya fi tudu gaba huɗu, sauran biyar, shida. Ban yi ha'inci ko a wuri ɗaya ba, Allah shaida. Da muka juyo, tsohon ya dubi igiyar ya ce, “Alhaji, da za ka dawo da bazara ka sake gani.” Na ce masa to. Mota tana jirana, sauro ya ishe ni, kuma a raina na ce irin maganar mutanen ƙauye ce, ba sa son baƙo ya tafi da sauri.

Ku da kuke karanta wannan a gida za ku yi mamakin wautata. Amma ku tuna inda muka tashi. Mu ba mu san damina da rani a jikinmu ba. Da watan Musulunci muke lissafin komai, Ramalana kasuwa, Zulhajji aiki, Muharram hutu. Ruwan da yayana ya sani teku ne, wanda yake nan yadda yake bana da baɗi. Da na dawo na miƙa masa takarda na ce, “A Shawwal na auna.” Ya rubuta kalmar a saman shafi, ya ja mata layi biyu. Maganar tsohon kuwa a kwalekwale na baro ta.

Tafiyar ba ta yiwu ba sai bayan shekara goma, lokacin da dattijon ya rasu, takarda ta ƙi sabuntuwa. Ya tura injuna biyu da ya daɗe yana tattalinsu, ya yi gaba don ya shirya gida, matarsa da 'yarsa Nafisa za su biyo baya. Wata uku ya yi yana haɗa jirgin. Ya gama tun cikin azumi, amma ya ƙi sa shi a ruwa. Yana jiran Shawwal, watan da aka auna. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa watanmu yana ja da baya kowace shekara. Shawwal ɗin da na auna ƙarshen damina ne. Nasa ya faɗo a lokacin da tafkin ya fi kowane lokaci ƙafewa, shi kuwa bai taɓa ganinsa a cike ba balle ya gane ya ragu.

Da safiyar ranar ya kira ni. Ina shago, mata biyu suna zaɓen turare.

“Sani, a Shawwal ka auna, ko?”

“A Shawwal, Yaya.”

“Masuntan nan sun dame ni, wai in jira ruwa ya cika. Na ce musu ƙanena ya auna da hannunsa, a wannan watan.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da na ji. Ban taɓa jin ya yaba ni a kan wani abu da ya shafi ruwa ba sai ranar. Na yi dariya na ce Allah Ya tsare, na koma kan ciniki. Kafin la'asar aka kira ni da wayarsa, muryar wani ce, ya ce jirgin ya daki kututture. Sai a lokacin, ina tsaye da kwalbar turare a hannu, maganar tsohon masuncin ta dawo mini kalma-kalma.

Tun daga ranar ba na son Shawwal. Mutane suna murnar Salla, ni ina jin igiya jiƙaƙƙiya tana zamewa a tafin hannuna. Idan aka kunna famfon tanki a saman gida, sai in ji kamar inji ne yake tasowa daga nesa. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu yaro da waya a hannu zai nuna maka hoton kowane tafki daga sama, na rani daban, na damina daban, har kawunan itatuwa ana gani. Na san da sai ya kwana uku bai ajiye wayar ba. Da kuma ba zai bukaci ƙanensa ba, kuma da yana nan da ransa. Allah ne Mai ƙaddarawa, na yarda da wannan, amma yardar ba ta taɓa goge mini cewa an faɗa mini magana na yar da ita ba.

Wadda shiruna ya fi cutarwa Nafisa ce. Ta girma ta yi aure a nan Makka, ba ta ambaton mahaifinta sai dole. Ta taɓa ce mini, da irin kiran da ake yi wa baffa da Larabci, “Ya Ammi, mutumin da aka ce masa kada ka shiga ya shiga, ai ya zaɓi ruwa ne a kanmu.” Na ce ta yi haƙuri, na canza magana. Na bar ta tana fushi da mamaci don kada ta yi fushi da ni.

Nafisa tana jin Hausa amma ba ta karanta ta, Larabci ta yi a makaranta. Da na gama rubutun nan na lura cewa na zaɓi in yi ikirari a inda ba za ta gani ba, na ji kunyar kaina. Shekaranjiya na ɗauki takardun na je gidanta, na karanta mata tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta ce, “Da ya kira ka, akwai tsoro a muryarsa?”

Na ce babu, murna yake yi.

“Ya'ani ya tambaya. Bai shiga haka kawai ba.”

“Sama da shekara goma yana tambaya.”

Ta share ido da gefen mayafi. “Ban yafe maka ba tukuna, ya Ammi. Amma ka aika a buga, kuma ka sa sunanka.”

Yayana bai bar wa iyalinsa gida ba, jirginsa bai yi awa ɗaya a ruwa ba. Abin da ya rage nasa shi ne suna, shi ma na bari aka ɓata. To ga shi na mayar. Habu ba mai garaje ba ne. Mutum ne da ya bi abu a hankali fiye da kowa da na sani, ya tambayi duk wanda zai iya tambaya, daga ƙarshe ya amince da ƙanensa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makomarsa. Da na fito Nafisa ba ta rako ni ƙofa ba, amma ina sa takalmi na ji ta a ciki tana yi masa addu'a da sunansa.