Falmaran Ɗin Shagon Faya-fayai

Ni tela ne, kuma ba na son a koya mini sana'ata. Tun ina Kano haka nake, zuwa Riyad bai canza ni ba. Shagon da kafil ɗina, mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya ajiye ni a unguwar Ulaisha bango ɗaya ne ya raba shi da wani ɗan shagon faya-fayai, na wani Basa'udiye mai furfura a gemu, kullum cikin baƙar riga. Abin da yake sayarwa shi ne kiɗan da suke kira metal. Farkon zuwana na ɗauka janareta ne ya lalace a bayan bangon. Abokin kwanana, wani direba Bamarade, ya ce kawunan mutanen ne suka lalace.

Da kwana ya yi kwana sai na lura ƙafata a kan keke tana bin gangarsu, har ɗinkina ya ƙara sauri. Na fara leƙawa in an fito sallar la'asar. Shagon bai fi ɗakin kwananmu ba, amma ranar Alhamis za ka tarar da injiniya ɗan ƙasa, da makanike ɗan Filifin, da 'yan Indiya daga Birnin Masana'antu, duk a tsaye kafaɗa da kafaɗa. In sabon faifai ya iso, sai an saurare shi tare daga farko har ƙarshe kafin a sayar wa kowa. Ba wanda ya taɓa tambayata iƙama, wato takardar zama, ko ƙasata. Shayi kawai suke miƙo mini.

Wata Lahadi mai shagon ya shigo wurina da falmaran na jins a kan hannu biyu. An yage hannuwansa, an lulluɓe shi da tambarin mawaƙa gaba da baya. Ya nuna mini tambari ɗaya da ya saki a ƙirji, ya ce in kama masa shi, ran Alhamis yake so. Ya fita.

Na baza rigar a tebur, raina ya ɓaci. Bakin hammata duk zare na reto, kafaɗa a yage, ga ƙunar sigari a aljihu. Na ce a raina wannan bawan Allah kunya ce ta hana shi faɗar sauran. Kuma tufa ba ta taɓa fita daga hannuna da rami ba. Bayan na kama tambarin, sai na kalmashe hammata biyun, na cike yagar kafaɗa da zare mai launin jins ɗin, na rufe ƙunar. Wallahi aikin ya yi kyau, sai ka kai hanci kafin ka ga ɗinkin.

Ran Litinin na kai masa ina ta washe baki. Ya ɗaga rigar, ya juya ta, ya sa yatsa a kafaɗa yana neman yagar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a kujera ya gaya mini rigar ta ƙanensa ce da ya rasu bara a hatsarin mota. Tare suka buɗe shagon. Yagar kafaɗar ƙusa ce ta yi ta ranar da suke kafa kantocin nan, ƙunar kuma shi da kansa ya yi masa suna gardama a kan wani faifai. Ran Alhamis ake cika shekara, abokansu za su taru a rataye ta a bango.

"Ya mu'allim," ya ce, "wannan ba rigarsa ba ce."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce ya ba ni ita zuwa Alhamis. Ya sakar mini.

Abu ɗaya ya cece ni. Wanda ya koya mini ɗinki ya hana ni sa almakashi a inda ninki zai isa, wai mai riga na iya ƙiba. Saboda haka ban datse zare ko ɗaya ba, ninke su na yi ciki. Na ajiye ɗinkin mutane, har da kaftanin Bamaraden, ya yi ta tsiya wai ga telan da ke farke aikinsa da kansa. Na ce ya rufe mini baki. Kwana uku na yi da bakin allura da reza a ƙofar shago inda haske yake, ina ɗaga zarena ɗaya bayan ɗaya ba tare da na taɓa na rigar ba. Kafaɗar ta fi ba ni wuya, don na cike ta da gaske. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage. Da na gama na sa tsohon buroshi na taje zaren hammatar har suka koma reto yadda suka zo.

Ran Alhamis shagon ya cika har waje. Na miƙa masa a gaban kowa. Ya sa yatsa a kafaɗa, yatsan ya wuce. Ya duba aljihu. Sai ya ɗora rigar a fuskarsa ya daɗe a haka. Da ya sauke ta, ni ya miƙa wa ƙusa da guduma. Na rataye ta, aka sa faifan da mamacin ya fi so, na tsaya cikinsu har ya ƙare.

Yanzu duk falmaran ɗin da ke yawo a shagon nan ya bi ta hannuna, kuma ina alfahari da haka ba kaɗan ba. Kwanan baya ina jiyo shi ta bango yana magana da wani sabon zuwa da tambarinsa ya saki.

"Kai wa maƙwabcina," ya ce. "Duk Riyad shi kaɗai ne telan da ya san inda ba a taɓawa."