Gadar Yaya

Yayana direban bas ne, tun ina yawo ba wando har ranar da gwiwarsa ta ce ta gaji. Mutum ne mai tumbi da yawan dariya, irin wanda zai shigo gida hannu rabbana amma a tashi a ba shi kujera. Ni tela ne. Ni ke kai Innarmu asibiti, ni ke canza mata ƙwan lantarki, shi kuwa ya zo ya ba ta labari ta yi ta ƙyaƙyata dariya, shi ke nan ya gama nasa aikin. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Da muka sayar da filin da Baba ya bari, tare muka je banki da rabonmu. Ma'aikaciyar ta ajiye mana takardu biyu a kan tebur.

Ta ce, "Wannan ta bashi ce. Ka ranta wa gwamnati, ta riƙa biyanka ruwa, in wa'adi ya cika ta mayar maka da uwar kuɗinka. Wannan kuma sukuk ce, ba rance ba ne. Ku da yawa za ku haɗu ku mallaki abu, kamar gadar da za a gina a bakin kasuwa, gwamnati ta karɓe ta haya, a riƙa raba muku kuɗin hayar."

Na duba na ga ta bashin ta ɗan fi tsoka, na ce a raina suna kawai aka canza wa abu ɗaya. Na ɗauke ta. Yaya kuwa ba abin da ya shiga kunnensa sai gada. Ya ce, "'Yata, rubuta ni a gadar nan."

Tun daga ranar ya samu aikin yi. Kullum sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya je ya zauna inda ake ginin, yana gaisa da leburori, yana sa baki a kwaɓin siminti kamar wani injiniya. Da aka gama, shi ke korar masu zuba shara a ƙarƙashinta. Unguwa ta sa masa Mai Gada, ya amsa har da ɗaga hannu.

Kuɗina na farko da suka fito, na sayo wa Inna fanka mai caji, don ɗakinta tanda ne da rana. Ta shafa kwalin, ta ce, "Auta, da kuɗin ɗinki ka saya ko da kuɗin ruwan?"

Na ce, "Inna, gwamnati ɗaya ce fa take biyan mu, ni da Yaya."

Ta ce, "Shi haya ake ba shi. Kai me ka bayar haya?"

Fankar ta koma bayan ƙofa cikin kwalinta. Yaya ya kawo mata silifa na roba, ta sa a take, tana ta shi masa albarka.

Wata rana ya aro mota ya ce zai kai ta ta ga gadar. Ni na cicciɓe ta na sa ta a gaba, na zauna a baya. Muna hawa ya rage gudu, ya nuna wata falwayar fitila. "Inna, daga nan zuwa waccan, nawa ne."

Haƙurina ya ƙare. Na ce, "Haba Yaya, ji tsoron Allah! Ku dubbai ne, ba wanda aka yanka wa wuri. In aka raba ma ko tsawon takalminka ba za ka samu ba."

Ya yi dariya ya ce, "To ai takalmin nawa babba ne."

Inna ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Kai nuna mini naka, ko na takalmin ne." Na kalli ruwan da ke wucewa a ƙasa.

Daga baya na sayar da tawa takardar, har da 'yar asara, na jira aka fito da sabuwar sukuk na saya. Tawa ta faɗa kan wata hanya can nesa, garin da ko Yaya da yawonsa bai taɓa zuwa ba. Da hayar farko ta shigo na sayo wata fankar, wadda ta fi ta farkon girma, na kai mata da kaina.

Na ce, "Inna, wannan na haya ne. Ni ma yanzu ina da hanya."

Ta ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Kunna mana."

Na durƙusa na haɗa ta. Iska ta fara kaɗa mayafinta, sai ga sallamar Yaya, yana share gumi da hula.

Inna ta ce, "Auta, juya ta wajen yayanka. Daga gada yake, ya sha rana."