Giyar Da Ta Ƙi Fita Daga Faka

Wata rana, Talata ce, tun safe ana yayyafi. Garejina duk caɓi, gwiwata na ciwo.

Wani bawan Allah ya kawo motarsa, otomatik. Yaran makaranta yake ɗauka da ita. Ya ce kwana biyu giyar ba ta fita daga faka sai da kokawa.

Ya miƙo min makulli da hannun hagu.

Raina ya ɓaci. Na girme shi nesa ba kusa ba. Amma na karɓa.

Na cire kan batir. Na ɓalle robar da ta rufe giyar, na zare kebul, na kwance notukan, na ɗago ta gaba ɗaya. Yawanci lemo ne ko shayi ke zubewa ciki ya daskare.

Wannan tas take. Na danna maɓallin da ke kan giyar, ya shige kamar an shafa masa mai.

Na miƙa masa. "Danna da damanka."

Ya ɗora babban yatsa. Ya yi ta dannawa. Maɓallin bai motsa ba.

"Malam, giyarka lafiya lau. Tun yaushe hannun nan ya mutu?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ka rufa min asiri. Ko maiɗakina ba ta sani ba. In iyayen yaran suka ji, sun kwashe 'ya'yansu. Ka sassauta maɓallin kawai."

"In ƙafar ta bi hannun fa? Da me za ka taka birki?"



Na jefa giyar a buhu, na kulle a shago. Ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya tafi a ƙafa cikin ruwa. Ni ma ban ji daɗi ba. Na san abincin gidansa na kulle.

Washegari ban buɗe gareji ba. Na hau babur ɗina, na yi sallama a ƙofar gidansa, na goya shi zuwa asibiti. Da hannu ɗaya ya riƙe rigata har muka isa.

Darasi: Wanda ya miƙo maka abu da hagu, ka dubi damansa kafin ka yi fushi. Kai kuma mai ɓoye ciwo, makaniki ba likita ba ne.

Ku tura wa direban da kuka sani. Ni na gaji da rubutu.