Sabuwar Sifika da Kunnena na Hagu

Noman albasa nake yi a Aliero, amma da an shiga lokacin bukukuwa sai in ɗauko jita. Mu uku ne: ni, da mai waƙa, da mai kalangu wanda ya girme mu duka. Akwatin sifikata na katako ne, sifika biyu a jere a cikinsa, amfilifaya a kai. A kan benci nake ɗora shi dab da bayana, don in riƙa jin abin da yatsuna suke yi.

Wata shekara sifika guda ta yage a wani biki a Maiyama. Ana tsakiyar dashe, ban samu zuwa gyara da kaina ba, sai na ba wana da zai ci kasuwar Jega ya kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya dawo da shi an saka sabuwa. Na jona, na ji yana magana, na ajiye.

A wani suna a Alelu na fara kaɗawa da shi, bayan la'asar. Ina taɓa wayar farko na ji kiɗan duk ya tattaru a kunnena na dama. Na hagu kamar an cusa masa auduga. Na sa ɗan yatsa na girgiza, na haɗiye yawu, bai buɗe ba. Ko kaɗan ban kawo akwatin a raina ba, tun da daga gyara ya fito, kuma muryarsa ta fi da tsabta. Mahaifina na tuna. Shekarunsa yana tsaye kan injin niƙa, kuma da kunne ɗaya kurumta ta fara masa. Kafin ya rasu sai an dafa kafaɗarsa yake sanin ana sallama.

Ban faɗa wa kowa ba. A gida sai in toshe kunnen dama in murza yatsu kusa da na hagu. Wani lokaci in ji, wani lokaci in ce raina ne yake faɗa mini na ji. Idan matata tana magana sai in zagaya in sa ta a haguna. Ran nan ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Maigida, mi ka faruwa? Sai zagaye ni kake awa mai neman wani abu."

Na ce mata ba komai. A fadama kuwa na daina zuwa kusa da injin ban ruwa. Asibiti ma na kasa zuwa, don ina tsoron a faɗa mini da baki.

Kusan mako uku muna fita biki haka, kullum ina ƙara murɗa muryar amfilifaya ko na hagun zai samu rabonsa. A Gumbin Kure, wani bikin aure da rana tsaka, na murɗe ta har ƙarshe. Ina cikin kiɗa na ɗaga kai, sai na ga matan da ke gaba sun toshe kunnuwa, jariri yana tsala kuka a bayan uwarsa. Ni kuma haguna shiru-shiru. Kowa yana jin abin da ba na ji.

Mai kalangu ya matso ya yi mini ihu: "Kai, rage wanga abu! So kake ka kashe muna kunne?"

Na rage. Da muka tsaya na ce masa, "Yaya, kunnena na hagu ya tahi."

Ya san mahaifina. "Allah shi sawwaƙe," abin da ya ce ke nan.

Muna naɗe waya na ji ƙauri yana fita daga akwatin. Shi ya sa washegari na ɗaure shi a babur na kai Jega da kaina. Dattijon ya kwance ragar gaba, ya shinshina tsohuwar sifikar, ya ce ta sha zafi. Ya tambaye ni me ya sa nake ƙure mata murya. Ban san lokacin da na zayyana masa komai ba.

Ya ɗora akwatin kan teburinsa, ya ce in juya masa baya in kaɗa. Na kaɗa, hagu a toshe. Sai ya kife akwatin, sama ta koma ƙasa, sifikar dama ta koma hagu.

"Sake kaɗawa."

Na taɓa waya. Kiɗan ya cika kunnena na hagu, na daman ne ya yi shiru. Na sake, na sake. Sai na zauna a ƙasa cikin tarkacen rediyo.

"Ɗana, ba kunnenka ba ne," in ji shi. "Lambassu ɗaya, shi ya sa suka zauna tare. Amma sabuwar, wuta kaɗan ta ishe ta ta yi ihu. Tsohuwar sai ta sha da yawa ta yi magana ƙasa-ƙasa. Wuta guda kake ba su, ɗaya ta danne ɗaya. Na gaya ma wanka a nemo mata 'yar'uwa, ƙila ya mance."

Ya cire tsohuwar, ya ce in dawo wata kasuwar zai samo irin sabuwar. Har na hau babur ya kira ni.

"Ka tahi asibiti dai. Mako ukku tana maka ihu a ƙeya."

Na je. Na hagun lafiyarsa lau. Na daman, wanda na yi ta dogara da shi, shi aka ce ya ɗan taɓu. Har yau idan wuri ya yi tsit ina jin wani siririn fito a cikinsa, kuma likitan bai yi mini alkawarin zai daina ba. Yanzu nesa da ni nake ajiye akwatin, mai kalangu ne yake ɗaga mini hannu idan muryar ta isa.