Ƙwallayen da Mai Tawul ya wanke

Shekara arba'in da ɗaya Mai Tawul ya yi yana saɓa jakar sanduna a filin golf, yana bin masu wasa daga rami zuwa rami. Sunan ya samo shi ne daga wani ɗan tawul da ba ya rabuwa da ƙugunsa. Ƙwallo ba ya fita daga hannunsa da datti, ko da ɗigon laka ne kamar kan allura. Ya yi imani ƙwallo mai datti ba ya tafiya daidai, kuma duk wanda ya yi masa musu a kan wannan, to ranar ba zai ji daɗin wasa ba.

Abin da ya fi taƙama da shi kuwa kunnensa ne. Zai juya baya a buga, ya ce maka, "Wannan ya karkata dama, je ka nemo shi a gindin bishiya." A je a tarar da shi can. Mutum ne mai cika baki, gaskiya, amma abin haushin shi ne bakin nasa ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A cikin waɗanda ya yi wa ɗauka, Likita ne nasa. Shekara ashirin suna tare, har Likita ya daina kiransa da komai sai Yaya, saboda ya girme shi da shekara biyar. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Likita, Mai Tawul ma sai ya ajiye aikin, ya ce bayansa ya gaji. Kowa ya san ba bayan ba ne.

Bayan wata goma hannun hagun Likita ya fara dawowa. 'Yarsa ta sa aka kafa masa na'urar golf a gareji: farin ƙyalle a bango, majigi a sama yana haska hoton fili, shimfiɗar ciyawar roba a ƙasa, da wani ɗan akwati mai idon kyamara a gefe. Kana buga ƙwallo a ƙyallen, akwatin zai auna, sai ka ga ƙwallonka yana tashi a cikin hoton. Makon farko Likita ya yi ta murna kamar an ba shi sabon hannu. Ya aika a kira masa Yaya ya zo ya gani.

Mai Tawul ya zo, ya ƙare wa garejin kallo, ya taɓe baki.

"Fili babu iska babu rana? To, Allah ya kyauta."

Amma ya zauna. Da Likita ya shiga ciki shan magani, sai ya jawo kwandon ƙwallayen, ya nemi bokiti da sabulu, ya yi abin da ya saba.

Tun daga wannan rana na'urar ta juya wa Likita baya. Duk abin da ya buga sai ya lanƙwashe dama, ya faɗi a cikin tafkin hoton, ko kuma ya tsaya kusa kamar wanda aka jefa da hannu. Wani lokaci ma akwatin ya yi shiru, kamar ba a buga komai ba. Likita mutum ne da ya yi rayuwarsa yana yarda da abin da na'ura ta nuna. Bai zargi akwatin ba, hannunsa ya zarga.

A kwana na goma sha ɗaya uwargidansa ta tare Mai Tawul a bakin ƙofa, idonta ya yi ja.

"Yaya, ya ce ciwon ne ke dawowa. Ya daina motsa hannun da safe. Jiya ya ce in nemo wanda za a ba sandunan."

Ran Mai Tawul ya ɓaci ƙwarai. Ya shiga garejin ko zama bai yi ba, ya tarar da Likita a kujera ya ɗora hannun hagun a cinya yana kallonsa.

"Tashi ka buga min ɗaya."

"Yaya, bar shi kawai. Na san abin da nake gani."

"Ni kuma na san abin da nake ji. Tashi."

Likita ya tashi da ƙyar. Mai Tawul ya juya wa ƙyallen baya, ya rufe ido. Sanda ta sauka, ƙas!

"Wannan ya miƙe sak. Yadi ɗari da talatin, ko da ɗoriya."

"Juyo ka gani. Yana cikin ruwa."

"To akwatin nan maƙaryaci ne, kuma yau zan kama shi."

Bai taɓa taɓa kwamfuta ba a rayuwarsa, amma ko a jikinsa. Ya fara da hasken rana da ke shigowa ta ƙasan ƙofar gareji, ya toshe shi da tsohon bargo. Aka buga, ƙwallo ya yi dama. Ya goge idon kyamarar da gefen tawul. Dama. Ya karɓo zare a wurin uwargida, ya ja shi daga tsakiyar ƙyalle zuwa inda ake ɗora ƙwallo, ya tarar akwatin ya ɗan karkace, ya daidaita shi. Ya ɗora kofin ruwa a kan akwatin don ya ga ko yana zaune daidai, ya cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Aka sake bugawa. Ƙwallo ya sake faɗawa tafki.

Sai ya karɓi sandar da kansa. Shi da ya san bugunsa kamar yadda ya san hanyar gidansa, ya buga mai kyau, na'urar ta aika shi cikin bishiyoyi.

"Ka gani? Ni ma ciwon ya kama ni ke nan?"

Likita ya ɗan yi murmushi, amma bai gamsu ba. Ya ce Yaya ya tsufa, hannu ba ya zama yadda yake.

Ana cikin haka uwargida, da ke share bayan kabad don ta sami abin yi da hannunta, ta turo wani ƙwallo da tsintsiya. Ya sha ƙura, ga wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli manne a jikinsa. Mai Tawul ya ɗauka, ya sa farce zai kankare.

"Don Allah Yaya, ba ni nan," in ji Likita a gajiye. "Na ƙarshe ne, daga shi na gama."

Ya fizge, ya ajiye, ya buga ba tare da ya ko gyara tsayuwa ba. Ƙwallo ya tashi a cikin hoton, ya miƙe kamar an ja shi da zare, ya sauka a tsakiyar fili. Yadi ɗari da talatin da shida.

Mai Tawul ya ɗauko ƙwallon ya juya shi a tafin hannu, ya dubi ɗigon nan, ya dubi kwandon da ke cike da ƙwallaye farare tas. Ya tuna ranar bokiti, yadda ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kankare irin ɗigon nan da farce, yana tsaki yana cewa masu kafa na'urar ƙazamai ne.

Aka kira 'yar Likita a waya. Ta ce ai da waɗannan ɗige-ɗigen kyamarar ke ganin yadda ƙwallo ke juyawa, in babu su sai dai ta yi ta kame-kame. Akwai sauran waɗanda ba a manna ba a cikin kwalin na'urar. Ta tambaya wa ya cire.

Da ya yi shiru, da babu mai sani. Amma Mai Tawul bai iya ɓoye-ɓoye ba.

"Ni ne, 'yata. Na ɗauka datti ne. Ni na jefa babanki a wannan hali."

Ya faɗa a tsaye, amma kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Uwargida ta saki tsintsiya ta zauna a kan kwali, tana dariya tana share hawaye.

Likita bai yi dariya ba. Ya sake buga ƙwallon nan sau huɗu, Mai Tawul na ɗauko masa, duk huɗun suka miƙe. Sannan ya jingine sandar a bango, ya miƙo hannun hagu.

"Kawo hannunka, Yaya."

Mai Tawul ya miƙa, yana jiran faɗa. Likita ya damƙe, ya matse, ya ƙara matsewa, har yatsun tsohon suka yi ƙara.

"Kai, Likita, sake ni! Za ka karya ni!"

"Da zafi?"

"Wallahi da zafi."

"Sake faɗa," in ji Likita, hawaye na zubo masa, bai kuma saki ba.